Ƙwarewar Sista

Mahaifiyata ta yi shekara talatin da huɗu tana karɓar haihuwa a asibiti. Shekara tara ke nan da ta yi ritaya, amma har yau labarin ritayar bai isa bakinta ba. Kowa a layinmu Sista yake ce mata, har tsofaffin da suka girme ta. Mu 'ya'yanta ne kawai ke kiranta Umma, mu ɗin ma idan ta hau faɗa sai mu kalli juna mu ce Sista ta shigo aiki.

Gajeriyar mace ce mai ƙananan hannaye, amma idan ta riƙe ka sai ka ji har ƙashi. Farcenta kullum a yanke yake, kuma har yanzu tana maƙala agogon nan na ma'aikatan jinya a ƙirjin rigarta, ko da shara za ta yi. Rabin mutanen layin ta hannunta suka shigo duniya, ba ta kuma bari su manta. Bakaniken da ke bakin titi, ƙato mai gemu da 'ya'ya huɗu, idan ya yi mata gardama a kan gyaran janareto sai ta tuna masa cewa da ƙafafu ya zo, ya hana ta cin abincin rana. Shi ke nan, sai ya sunkuyar da kai ya ci gaba da kwance noti. Mace kuwa ba ta isa ta wuce ƙofar gidanmu da jariri ba tare da an gyara mata riƙo ba. Ban taɓa jin Umma ta ce ban sani ba, abin haushin kuma shi ne galibi ita ke da gaskiya.

Ni ce ta uku a cikinmu biyar, ni ce kuma wadda aure bai kai nesa ba, layi biyu ne tsakanin gidana da nata. Tun rasuwar Abbanmu nake biyowa ta wajenta kullum idan na tashi daga makarantar da nake koyarwa, in duba ko ta sha maganin hawan jini, ita kuma ta duba duk sauran rayuwata. Ina son uwata, kada a ji ni ba daidai ba. Amma akwai abin da na daɗe ina riƙe da shi a rai. Ranar da na haifi ɗana na fari, ɗaki cike da dangin mijina, yaron ya ƙi kama nono, yana kuka ina kuka. Umma ta shigo ta fizge shi daga hannuna ta ce, "Duk karatun nan naki ba ki iya riƙe ɗa ba?" Ta gyara mini zama, ta tallafo kansa, nan take ya kama. Aka kwashe da dariya, aka yi ta sa mata albarka. Shekara goma sha biyar ke nan, amma in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Magen da ta jawo maganar nan ba tamu ba ce. Wata mai ruwan toka ce da ke tsallako katanga ta kwana a sitonmu na bayan kicin, inda Umma ta tara kwalaye da tsohuwar fankar Abba da ta hana a zubar. Wata Litinin na shigo na tarar da Umma durƙushe a ƙofar siton da tocila a hannu. Magen ta haihu a cikin kwalin tsofaffin labule, 'ya'ya huɗu. Uku sun kafa kai suna ta tsotso. Ta huɗun tana gefe, ba ta fi yatsu biyu ba, ido a rufe, cibiya ba ta faɗi ba. Sai ta lalubo nonon da ƙyar, ta kama, ya suɓuce, 'yan'uwan su bi ta kanta su wuce. Bakinta yana buɗewa amma kukan ba ya fita sosai. Umma ta duba agogonta ta ce minti ashirin ke nan tana kallo, ko ɗigo 'yar nan ba ta samu ba. Ta ce wannan ai bakwaini ce, sunan kuwa ya bi ta.

Na ce a bar su, uwa ta san yadda za ta yi da 'ya'yanta. Kamar da bango nake magana. Umma ta wanke hannu da sabulu, ta ɗauke ƙaton cikinsu ta ajiye gefe, ta kamo nonon magen da yatsu biyu ta nufi bakin Bakwaini da shi, daidai yadda ta yi wa dubban mata. Sai dai mage ba mai jego ba ce da ke jin tsoron Sista. Ta kai mata yagi a bayan hannu, layi uku ja wur. Kafin faɗuwar rana ta kwashe 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya a baki, ta tsallake katanga da su. Sawu uku ta yi. Muka zauna a kan dakalin kicin muna jiran na huɗun, ba ta dawo ba. Umma ta san abin da ya kore ta, ni ma na sani.

Nan da nan falon Umma ya koma ɗakin jinya. Kwalin takalmi, tsohon tawul, kwalbar ruwan ɗumi nannaɗe da safa a gefe ɗaya don in zafi ya yi yawa 'yar ta matsa. Ta ciro kalanda daga bango ta juya bayanta ta ja layuka, nan lokaci, nan abin da aka sha. Sannan ta aike ni kyamis in sayo ƙaramin sirinji da auduga, in biya shagon kan kwana in tambayo ko akwai madarar da ake ba ƙananan dabbobi. Ta ja mini kunne cewa madara kawai zan saya, ban da karɓo surutu.

Mai shagon nan yana sayar da abincin kaji da magungunan dabbobi, ya yi karatun abin daidai gwargwado, mutane suna ce masa Dakta. Wannan suna shi ke tsaya wa Umma a wuya. Ta ce ta yi aiki da likitoci na gaske ta ga yadda suke, ba za ta kira mai auna dusa Dakta ba. Likitan Kaji take ce masa, a gaban idonsa, shekara da shekaru. Shi kuwa mutum ne siriri mai sanyin magana, sai ya yi murmushi ya gaishe ta.

Ya ɗauko mini wata 'yar gwangwani, ya nuna mini yadda ake damawa, ya ce kada a ba ta madarar shayi, zawo take sa su. Sannan ya ce abu uku zan riƙe. A ɗumama ta kafin a ba ta komai, don mai sanyin jiki ba ta narkar da abinci. Bayan ta sha a jiƙa auduga da ruwan ɗumi a shafa ƙasan wutsiyarta, don ba ta iya fitsari da kanta, uwar ce ke lashe ta. Na ukun kuma ya maimaita shi har sau biyu. Ya ce kada a kuskura a kwantar da ita rigingine kamar jaririn mutum. Rub da ciki za a sa ta, kai a gaba, yadda take kwanciya a jikin uwarta, a bar ta ta ja da kanta. In an ba ta a rigingine, madarar huhu take tafiya.

Na dawo na tarar da maƙwabciyarmu Maman 'Yan Biyu ta shigo kallo, tana ta yaba yadda Sista ta shirya kwalin. Na ajiye kayan na fara da cewa Dakta ya ce a ɗumama ta tukuna. Umma ta ce wane Dakta, ta nuna mini kwalbar ruwan ɗumin da haɓa. Na ce ya ce a shafa mata auduga. Wannan ba ta san shi ba, amma ta ce ai hankali ma ya ba da haka. Na buɗe baki zan faɗi na ukun, sai ta juya wajen baƙuwar.

"Kin ji Malama," in ji ta. "Ta je makarantar Likitan Kaji minti goma ta dawo da digiri. Wadda sai da na koya mata riƙon ɗan da ta haifa."

Maman 'Yan Biyu ta rufe baki da mayafi tana dariya. Ni kuma na rufe nawa bakin. Ba mantawa na yi ba, kada in yi wa kaina ƙarya. Maganar tana kan harshena, na haɗiye ta da gangan. Na ce a raina, to bismilla, tunda kin san komai.

Ta dama madarar, ta ɗiga a bayan hannu ta ji ɗuminta, ta zuƙa a sirinji. Ta ɗauko Bakwaini ta kwantar da ita rigingine a tafin hannunta na hagu, ta ɗaga kanta kaɗan da yatsa, irin riƙon da ta yi shekara talatin da huɗu tana koya wa mata. Riƙo ne mai kyau, na rantse, babu jaririn mutum da zai yi ƙorafi. Ta matsa sirinjin a hankali. 'Yar ta haɗiya, ta ƙara haɗiya, ƙafafunta suna harbin iska. Can sai wani ɗan farin kumfa ya leƙo ta hancinta. Umma ta goge da auduga ta ce haɗama ce, duk mai yunwa haka yake. Ta rubuta lokaci a bayan kalanda. Ina tsaye a kanta ina kallo.

Washegari na tarar da uwata kamar an rage mata shekara goma. Duk bayan awa biyu take ba ta, dare da rana, kalandar ta cika da rubutu. Ta yi wa Bakwaini 'yar riga da yatsan tsohuwar safar hannu. Tana shafa mata audugar tana yi mata magana ƙasa-ƙasa, da wata murya da ban san tana da ita ba, tana ce mata yi haƙuri, sannu, ke ma za ki girma ki rama. Da 'yar ta yi fitsari sai Umma ta ɗaga audugar ta nuna mini kamar ta ci kyauta. Tun rasuwar Abba ban ga ta yi dariya har haƙoranta na gefe sun fito ba sai ranar.

A nan ne ya kamata in yi magana. Fushin ya riga ya huce, saura tsoro. In na ce Umma juya ta, za ta tambaye ni wa ya gaya mini, kuma tun yaushe. Amsar ita ce tun jiya. Sai na ce a raina wataƙila mai shagon ya cika tsoro ne, ga ta nan tana sha, ga ta nan tana motsi. Sau biyu aka ba ta madara a gabana ranar, sau biyu kumfan nan ya fito. Na yi sallama na tafi gida na dafa abinci, na kasa ci.

Ranar Laraba ban kai ƙarshen darasi na ƙarshe ba na nemi izini na fito. Na tarar da Umma zaune a ƙasa, sirinji cike a gefenta. Bakwaini ta ƙi karɓa tun hantsi. Bakinta a buɗe, cikinta yana ɗagawa yana sauka da sauri. Umma ta ɗauke ta ta kara a kunnenta, ta rufe ido. Ko daga inda nake ina jin wani ɗan ƙara, kamar ana murza leda a nesa. Ta daɗe a haka. Ta san wannan ƙarar, ta ji ta a ƙirjin jarirai ba sau ɗaya ba. Abin da ba ta sani ba shi ne ta inda ta kuskure, don ta bi bayan kalandar da yatsa daga sama har ƙasa ba ta ga komai ba.

Ta miƙe ta yafa mayafi ta ce in ɗauko kwalin. Ban tambaye ta ina za mu ba.

Daga gidanmu zuwa shagon bai fi tafiyar minti biyar ba, amma ranar ya yi mini tsawo. Bakanike ya ɗago kai daga ƙarƙashin mota ya gaishe ta, ba ta tsaya ba. Mai kanti ya tambaya ko lafiya, ta ce lafiya. A shagon akwai mutum biyu suna jiran a auna musu abincin kaji, Umma ta tsaya a bayansu. Ban taɓa ganin ta bi layi a layinmu ba.

Mai shagon ya sallame su, ya share kan tebur, ya kara 'yar a kunne shi ma. Ya miƙa wa Umma sirinji marar komai ya roƙe ta ta nuna masa yadda take ba ta. Ta juyar da Bakwaini rigingine a tafin hannu, ta ɗaga kanta da yatsa, da saurin wadda ta yi abu sau dubu.

"Sista," ya ce a hankali, "ta ƙware ne. Madarar ta sauka a huhu."

Kalmar da aka yi ta yabon uwata da ita ke nan tun ina yarinya, Sista ta ƙware, Sista ƙwararriya ce. Ja ɗaya ne a harshe ya raba ta da wadda ya faɗa, kuma na ga lokacin da ta shige ta. Ya bayyana mata cewa su ba kamar 'yan Adam ba ne, rub da ciki suke sha. Umma ta kalli hannunta, ta kalli 'yar da ke kwance a ciki. Sannan a hankali ta juya ta.

Shi kuwa sai ya ɗago ido ya kalle ni. Kallo ɗaya, bai fi ƙiftawa biyu ba. Ya tuna sarai abin da ya maimaita mini ranar Litinin. Na jira ya ce ai na gaya wa Malama. Bai ce ba. Ya juya ya shiga laluben magani a kan kanta, ya ce kuskure ne da kowa ke yi, musamman wanda ya saba da jarirai. Da ya tona ni da na fi samun sauƙi. Na tsaya rungume da kwalin takalmi, ina jin kaina ƙanƙanuwa.

Ya ba ta ɗigon magani, ya nuna yadda za a riƙa ba ta, ya ce a ci gaba da ɗumi, amma bai ɓoye mana ba cewa masu kwana uku ba kasafai suke tashi daga wannan ba. Umma ta saurare shi har ƙarshe ba ta katse shi ba. Ta tambaye shi abu biyu, ta maimaita amsar don ta tabbata. Da za mu fita ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Na gode, Dakta." Ya sunkuyar da kai kamar shi ne ya yi laifi.

A gida ta shimfiɗa tawul a cinyarta, ta kwantar da Bakwaini rub da ciki, ta kai bakin sirinjin gabanta ba ta matsa ba. Muka jira. Can 'yar ta lasa, ta kama, ta ja sau uku ko huɗu, 'yan hannayenta suna tattaka tawul ɗin kamar jikin uwa. Babu kumfa. Umma ta ce, "Dubi yadda take so ashe." Ba da ni take ba. Wannan shi ne shan da ta yi mai kyau a duk rayuwarta, daga shi kuma ba ta ƙara karɓar komai ba.

Ranar Alhamis ban je aiki ba. Muka wuni a falon, Umma ta sa ta a cikin rigarta a kan ƙirji don ɗumi, tana canza ruwan kwalba duk da ba a amfani da ita. Maman 'Yan Biyu ta leƙo, Umma ta ce mata ba ta jin daɗi, ta dawo wani lokaci. Wajen ƙarfe uku na rana numfashin ya fara nisa da juna. Umma ta fito da ita ta riƙe a hannu biyu tana kallon agogo, kamar yadda aka koya mata. Da ya tsaya ta ƙara jira minti ɗaya cur, sannan ta naɗe ta a tawul.

Ba ta yi kuka ba. Ta ce a asibiti ta rasa jarirai, ta san adadinsu, amma ko wanne ta iya kallon uwarsa a ido don ta san ba hannunta ba ne. Wannan kuwa hannunta ne tun daga farko. Ita ta kori uwar, ita ta ɗura mata madara a huhu kwana biyu tana rubutawa a takarda kamar abin kirki. Ta ce mutumin da ta yi shekaru tana raina wa sana'a da tambaya ɗaya ya gano ta. Ta ce da wane ido za ta ƙara tare 'yar wani a hanya ta ce ba haka ake riƙo ba.

Da na yi shiru da shi ke nan. Mai shagon ba zai taɓa faɗa ba, na san haka. Amma ina kallon uwata tana ɗaukar kayan da rabinsa nawa ne, bayanta ya tanƙware kamar ba ita ba.

"Umma," na ce, "ya gaya mini. Tun ranar Litinin. Abu uku ya ce, biyu na faɗa miki."

Ta juyo ta kalle ni. Na gaya mata duka, har da abin da na ce a raina lokacin da baƙuwar take dariya. Ban nemi uzuri ba don babu. Idona yana kan tabarma. Na shirya wa faɗa, ina ma fata ta yi shi, ta wanke ni tas yadda ta saba.

Ta gyara bakin tawul ɗin da ya buɗe, ta ƙara gyarawa.

"Ko da kin faɗa, ba zan ji ba," ta ce. "Na san halina."

Na ɗago kai. Wani sauƙi ya fara sauko mini a ƙirji, har na buɗe baki zan ce wani abu. Ta miƙo mini ɗan ƙunshin tawul ɗin da hannu biyu, na karɓa. Ba shi da nauyin komai, kuma har lokacin da sauran ɗumi.

"Amma dai da kin faɗa," in ji ta.